Yadda Ake Shirya wa Tiyata Idan Ana Shan Maganin Mura, Toshewar Hanci ko Borin Jini

Idan likita ya tambayi wanda za a yi wa tiyata ko yana shan wani magani, abin da ke faɗo masa a rai shi ne na hawan jini, ko na suga, ko na zuciya. Ƙwayar murar da ya haɗiya jiya da daddare, da ɗan kwalbar feshin hanci da ke aljihunsa, da ruwan maganin tarin da ya kurɓa makon jiya, duk ba ya sa su a lissafi, domin ba likita ne ya rubuta masa ba. Alhali kuwa waɗannan magunguna suna taɓa abubuwa uku da likitan sa barci yake riƙe da su a hannunsa tun daga lokacin da ka rufe ido har ka farfaɗo: bugun zuciyarka, ƙarfin jininka, da numfashinka.

Yawancinsu ba sa hana tiyata. Wasu ana dakatar da su, wasu kuma barin su ne ma haɗari. Abin da ke jawo matsala shi ne a sa mutum barci ba tare da an san abin da ke yawo a jininsa ba. Sunayen sinadaran da ke ƙasa an rubuta su ne kamar yadda za ka gan su a jikin kwali, domin ka iya gane su da idonka.

Mataki na 1: Tara komai wuri guda, ka karanta bayan kwali

Da zarar an sa maka rana, ka kwaso duk abin da kake sha, ko kake fesawa a hanci, ko kake ɗigawa a ido, ko kake shaƙa. Har da na gargajiya da na ƙarin kuzari da na rage ƙiba. Kar ka tsaya ga babban sunan da ke gaban kwali. Juya shi ka nemi inda aka jera sinadaran da ke ciki da ƙananan haruffa, domin suna ɗaya kan ɗauki haɗi daban-daban, kuma abin da ake sayarwa da wani suna a wata ƙasa ba lallai ya zama shi ne a wata ba.

Maganin mura kusan kullum haɗi ne na abu biyu zuwa huɗu. A ƙwaya guda za ka iya samun mai buɗe hanci, da mai hana atishawa, da mai rage zazzaɓi, da mai danne tari. Actifed, alal misali, yana ɗauke da triprolidine da pseudoephedrine. Akwai kuma wata alama da ya kamata ka kula da ita: harafin D a ƙarshen suna. Claritin da Claritin-D ba abu ɗaya ba ne, haka Zyrtec da Zyrtec-D, haka Allegra da Allegra-D. Na farkon maganin borin jini ne zalla, na biyun kuma an ƙara masa pseudoephedrine, wanda shi ne ya fi damun likitan sa barci.

A takarda ka rubuta abu huɗu game da kowane magani: sunan sinadari, miligiram nawa, sau nawa a yini, da ranar da ka fara. Idan rubutun ya yi maka wuya, ɗauki hoton bayan kwalin da waya, ko ka zuba su duka a jaka ka tafi da su.

Mataki na 2: Ware masu buɗe hanci, domin a nan gizo ke saƙar

Nemi waɗannan sunaye: pseudoephedrine, phenylephrine, ephedrine a ƙwaya ko ruwa, oxymetazoline, xylometazoline, naphazoline a feshi ko ɗigo. Idan ka ga phenylpropanolamine, shi ma ɗan gidan ne. Tun shekarar 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi saboda haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa, amma ba a ko'ina ya ɓace ba.

Hanci yana toshewa ne idan jijiyoyin jinin da ke cikinsa suka kumbura. Waɗannan magunguna suna matse jijiyoyin, kumburi ya saɓe, iska ta samu hanya. To, ƙwayar da ka haɗiya ba ta san hanci kaɗai ba. Tana matse jijiyoyin jiki duka, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan an matse bakin tiyo, sai jini ya hau. Pseudoephedrine har ƙari yake yi: yana sa jijiyoyi su saki noradrenaline, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita, sai zuciya ta ƙara gudu.

A ɗakin tiyata kuwa abubuwan da ke tayar da jini sun riga sun yi yawa. Lokacin da ake zura bututun numfashi a maƙogwaro jini yakan yi tsalle na 'yan mintuna ko da ga mai lafiya. Yankan farko ma haka. Likitan tiyata yakan yi allurar kashe zafi mai haɗe da adrenaline a wurin da zai yanka domin rage zubar jini. Ketamine, wanda ake sa barci da shi a lokuta da dama, shi ma yana ɗaga jini da bugun zuciya. Idan duk wannan ya tarar da pseudoephedrine a jiki, hawan na iya wuce misali, kuma ga mai ciwon zuciya ko tsohon hawan jini wannan kan iya kai wa ga rikicewar bugu, ko ƙarancin jini a tsokar zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Iskar sa barci mai suna halothane ta fi kowace haɗari a nan, domin tana sa zuciya ta riƙa saurin rikicewa idan ta haɗu da irin waɗannan sinadarai. Sevoflurane da isoflurane sun fi ta sauƙi ta wannan fuska, amma har yanzu akwai asibitocin da ke aiki da halothane.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Wanda ya daɗe yana shan mai buɗe hanci kullum, jijiyoyinsa na iya gajiya da amsawa. Idan jininsa ya faɗi bayan an sa shi barci, abin da ke faruwa sau da yawa, ephedrine ɗin da aka saba ɗaga jini da shi ba lallai ya yi aiki yadda ake zato ba, tunda hanya ɗaya suke bi. Likitan da ya sani tun farko zai tanadi wani maganin daban a kusa.

Yaushe za a daina? Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kar a sha ƙwaya ko ruwan buɗe hanci a cikin awa 24 kafin tiyata. Dalilin lissafi ne. Jiki yana fitar da rabin pseudoephedrine a cikin awa 5 zuwa 8, ta hanyar ƙoda, don haka sai ya yi yini da kwana ko fiye kafin ya kusa ƙarewa. Ƙwayar miligiram 60 da ake sha bayan awa 4 zuwa 6 ta fi saurin fita. Ta miligiram 120 mai aikin awa 12, da ta miligiram 240 mai aikin awa 24, suna narkewa ne a hankali, don haka a ba su tazarar kwana biyu ko uku ya fi kwanciyar hankali, musamman ga tsoho ko mai ciwon ƙoda. Idan asibitinka ya ba ka wani lokaci daban, nasu za ka bi.

Feshin hanci ba ya shiga jini kamar ƙwaya idan an yi shi daidai, amma ka faɗe shi. Wanda ya wuce kwana 3 da aka saba rubutawa a jikin kwalba yana fesa oxymetazoline, hancinsa kan saba, da zarar ya bari sai ya toshe fiye da da. Irin wannan mutum idan ya daina a daren tiyata zai wayi gari hanci a rufe ruf, wanda zai wahalar da ba shi iska ta abin rufe fuska. Gara ya sanar da wuri, a yaye shi a hankali cikin mako ɗaya ko biyu da ruwan gishiri da feshin steroid.

Gargaɗi na musamman ga mai shan phenelzine, tranylcypromine, moclobemide ko selegiline, ko maganin ƙwayoyin cuta linezolid: waɗannan suna hana jiki rushe noradrenaline, kuma haɗa su da pseudoephedrine na iya harba jini zuwa matakin kisa ko da ba tiyata. Kar ka daina su da kanka, amma su zama farkon abin da za ka ambata. Ganyen ephedra, da ake kira ma huang a wasu kayan rage ƙiba, ephedrine ne a wata riga. Amurka ta haramta shi a irin waɗannan kaya a 2004. Magungunan ganye gaba ɗaya an fi son a ajiye su mako biyu kafin tiyata.

Mataki na 3: Raba masu hana atishawa da ƙaiƙayi gida biyu

Sababbin su ne cetirizine, levocetirizine, loratadine, desloratadine da fexofenadine. Ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, kuma yawanci ana barin mutum ya ci gaba da shan su har safiyar tiyata da ɗan kurɓin ruwa. Ga mai borin jini mai tsanani ci gaban ya fi alheri, domin hanci mai zuba da atishawa ba abin da ake so ba ne a kan gadon tiyata. Cetirizine kan sa wasu gyangyaɗi; idan kana cikinsu ka faɗa.

Tsofaffin kuwa, chlorpheniramine da aka fi sani da Piriton, diphenhydramine, promethazine wato Phenergan, hydroxyzine, da cyproheptadine da wasu ke sha don buɗe ciki, labarinsu daban ne. Suna sa barci, kuma barcinsu yana hawa kan na magungunan tiyata: morphine, fentanyl, midazolam, propofol. Sakamakon shi ne mutum ya yi jinkirin farfaɗowa, ko ya farfaɗo ya sake nutsewa numfashinsa na raguwa. Haɗarin ya fi ga mai ƙiba sosai da wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, irin mai minshari mai ƙarfi da ke shiru na ɗan lokaci sannan ya ja iska da ƙarfi. Kar yawan sau da ake shan ƙwayar ya ruɗe ka. Ana shan chlorpheniramine miligiram 4 bayan awa 4 zuwa 6, amma a jikin babba sai ya kai kimanin awa 20 rabinsa bai gama fita ba. Ƙwayar daren jiya tana nan tare da kai da safe.

Bayan barci, suna busar da jiki. Baki ya bushe, majinar ƙirji ta yi kauri ta ƙi fita, hanji ya yi sanyi, mafitsara ta ƙi sakin fitsari. A tiyata ana ba da atropine ko glycopyrrolate, wani lokacin da hyoscine don hana amai, dukansu masu irin wannan aiki ne, sai abin ya taru. Dattijo mai kumburin furostet shi ne ya fi faɗawa ciki: a gama aiki lafiya, fitsari ya ƙi fita, sai an sa masa roba. Mai hawan jinin ido irin wanda magudanar ruwan idon ke da ƙunci shi ma yana cikin haɗari. Abin da ya fi damun likitoci shi ne ruɗewa. Tsoho da ya shiga da hankalinsa garau na iya farkawa bai san inda yake ba, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana ganin abin da babu, kuma diphenhydramine da danginsa suna cikin magungunan da aka san suna ƙara wannan. Ruɗewar bayan tiyata tana tsawaita zaman asibiti, wasu kuma ba sa komawa yadda suke da sauri. Saboda haka wanda ya haura shekara 65 ya nisanci wannan rukuni a kwanakin da ke gab da tiyata sai da izinin likita.

Wasu abubuwa biyu a taƙaice. Promethazine da hydroxyzine na iya tsawaita tazarar da zuciya ke ɗauka kafin ta shirya wa bugu na gaba, kuma ondansetron da ake bayarwa don hana amai shi ma yana yin haka. Mai tarihin rikicewar bugun zuciya ya ambata. Diphenhydramine kuma yana rage aikin wani sinadari na hanta da ke juya codeine da tramadol su zama masu kashe zafi, don haka suna iya ƙin yin tasiri yadda ya kamata.

Kar ka yi mamaki idan a asibitin ne da kansu suka ba ka promethazine don amai ko chlorpheniramine don ƙaiƙayi. Su suna bayarwa ne da awo kuma suna kallonka. Matsalar ita ce su ƙara a kan wanda ba su san ka sha ba.

Mataki na 4: Duba 'yan rakiya da ke cikin haɗin

Paracetamol: yawancin waɗanda ake yi wa tiyata ana ba su giram 1 ta jijiya ko ta baki. Iyakar babba mai cikakken nauyi giram 4 ne a yini. Idan ka riga ka sha a cikin maganin mura ba a sani ba, hanta ce za ta ɗauki nauyin.

Aspirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini, kuma wasu masu asma suna tayar musu da ciwon. Idan aspirin ɗinka na zuciya ne da likita ya ɗora ka a kai, ba kai za ka yanke hukuncin dainawa ba.

Dextromethorphan, mai danne tari, yana ƙara wani sinadarin aika saƙo mai suna serotonin a ƙwaƙwalwa. Idan ya haɗu da pethidine, tramadol ko methylene blue, musamman ga mai shan maganin damuwa irin su fluoxetine da sertraline, yana iya kawo zazzaɓi, karkarwa, taurin tsoka da ruɗewa. Codeine a ruwan tari kuwa ɗan'uwan morphine ne. Wanda ya saba shan sa kullum zai buƙaci maganin kashe zafi fiye da kowa, kuma zai shiga wahalar daina shi kwatsam idan ba a shirya masa ba. Faɗin gaskiya a nan kariya ce gare ka, likita ba alƙali ba ne.

Sai pholcodine, wanda ya bambanta da sauran domin haɗarinsa ba ya ƙarewa da fitarsa daga jiki. Maganin busasshen tari ne. Wani sashe na gininsa ya yi kama da na magungunan da ake sassauta tsoka da su kafin a sa bututun numfashi, irin su suxamethonium da rocuronium. Garkuwar jikin wasu da suka sha shi takan ƙera makamai a kansa, sai ranar tiyata ta afka wa mai sassauta tsokar, jini ya faɗi warwas, huhu ya matse. An fara lura da abin ne da aka ga irin wannan bori ya fi yawa nesa ba kusa ba a Norwe, inda ake sayar da pholcodine a lokacin, fiye da maƙwabciyarta Suwidin. Norwe ta janye shi a 2007. A Disambar 2022 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a janye shi, Birtaniya da Ostareliya suka bi sahu a 2023. Tambayar da likita ke buƙatar amsarta ita ce: ka sha shi a cikin wata 12 da suka wuce? Idan ka sha ruwan tari a wannan tsakani kuma kwalbar na nan, duba ta.

Mataki na 5: Waɗanda ba a dainawa

Da yawa idan aka ce musu kar su ci kar su sha, sai su ɗauka har da duk magunguna. Kuskure ne mai tsada. Feshin hanci na steroid, wato fluticasone, mometasone, budesonide ko beclometasone, a ci gaba da shi har safiyar ranar. Montelukast, ƙwayar asma da borin jini, ma haka. Mai asma ya shaƙi maganinsa na kullum kamar yadda ya saba, ya kuma tafi da salbutamol ɗinsa, wato na shaƙa mai buɗe hanyar iska, asibiti. Sau da yawa za a ce ya shaƙa jim kaɗan kafin a shiga da shi.

Ƙwayar steroid ita ce ta fi buƙatar kulawa. Wanda ya sha prednisolone miligiram 5 ko fiye a kullum har tsawon mako 4, ko makamancinsa na dexamethasone ko betamethasone, 'yan halittun da ke saman ƙodarsa masu samar da cortisol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure wahala, na iya yin kasala. Tiyata kuwa lokaci ne da jiki ke neman cortisol mai yawa. Idan bai samu ba jini zai faɗi ya ƙi tashi. Maganin abin mai sauƙi ne idan an sani: ana ba babba hydrocortisone miligiram 100 ta jijiya lokacin sa barci, a ci gaba da ƙari bayan aiki gwargwadon girmansa. A lura cewa wasu ƙwayoyin ƙaiƙayi suna ɗauke da steroid a ciki. Celestamine, misali, haɗin betamethasone ne da dexchlorpheniramine, kuma akwai masu shan sa wata da watanni ba su san steroid suke sha ba. Mai shan maganin ƙanjamau mai ritonavir ko cobicistat kuma yana fesa fluticasone, shi ma ya faɗa, domin haɗin na sa steroid ɗin ya taru a jini kamar ƙwaya ya sha.

Mataki na 6: Ita murar kanta, kar a ɓoye ta

Wani idan mura ta kama shi ana saura kwana biyu, tsoron a ɗage masa ranar da ya daɗe yana jira sai ya sa ya ɗura wa kansa magani don ya bayyana garau. Wannan kitso da ƙwarƙwata ne. Maganin ya busar da hanci, amma hanyar iska tana nan a fusace, kuma takan ci gaba da haka har mako shida bayan mura. Idan bututu ya taɓa ta, maƙogwaro na iya rufewa ko ƙananan hanyoyin huhu su matse, iskar jini ta faɗi. Yara ƙanana ne suka fi shiga wannan, musamman masu asma da waɗanda ake shan taba a gidansu.

Kira asibiti da zarar ka ga alama. Majina fara mai ruwa-ruwa ba zazzaɓi, mutum yana ci yana harkarsa, sau da yawa ana yin aiki da 'yan dabaru. Zazzaɓin da ya haura digiri 38, tari mai kaki, majina mai kauri da launi, numfashi mai ƙara ko kasala mai yawa, galibi sai a ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba da mako 2 zuwa 4. Don samun sauƙi a kwanakin jira, ruwan gishirin wanke hanci ba shi da wata illa ga barcin tiyata.

Ga iyaye: kar a ba yaro wani ruwan mura ko na tari don ya kwantar da hankali kafin tiyata. Promethazine haramun ne ga ɗan ƙasa da shekara 2 saboda yana danne numfashi. Codeine ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12, ba a kuma ba ɗan ƙasa da 18 da aka cire wa 'yan wuya saboda ɗaukewar numfashi cikin barci.

Mataki na 7: Safiyar ranar

Ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. Ƙwayoyin da aka amince ka sha, ka haɗiye su da ɗan kurɓi. Idan likitan sa barci ya zo, ba shi takardarka ka faɗa masa ƙarfe nawa ka sha kowanne na ƙarshe. Idan ka manta ka sha mai buɗe hanci da safen, faɗa kawai. Zai auna jininka da bugun zuciyarka, wataƙila ya ɗauki hoton bugun, sannan ya yanke ko a ci gaba, ko a jinkirta 'yan awanni, ko a canza magungunan da zai yi aiki da su. A tiyatar gaggawa ba a jira. Ɗan'uwan da ya rako marar lafiya shi zai ba da wannan bayani.

Ka kuma bambanta masa borin da kake da shi. Atishawar ƙura daban, kumburin leɓe bayan taɓa safar hannu ta roba daban, haka ƙurajen da suka fito maka bayan penicillin ko bayan an goge fata da chlorhexidine. Kuma kar ka ɗauka shan Piriton tun daga gida zai kare ka daga babban bori a ɗakin tiyata. Ba ya karewa. Abin da ke karewa shi ne guje wa abin da ke tayar da shi, abin da ke ceto idan ya auku kuma adrenaline ne.

Ga ma'aikatan ɗakin tiyata akwai wani darasi da aka saya da tsada. A aikin hanci da maƙogwaro ana ɗiga phenylephrine ko oxymetazoline don rage jini, kuma idan an zuba ba awo, musamman a kan nama da aka yanka, yana shiga jini da yawa. Bayan mutuwar wani yaro, hukumar lafiya ta jihar Niyok ta fitar da ƙa'ida da aka buga a 2000: zubin farko na phenylephrine kar ya wuce rabin miligiram ga babba, wato ɗigo 4 na mai ƙarfin kashi 0.25 cikin ɗari, ga yaro mai nauyin kilo 25 zuwa ƙasa kuma maikirogiram 20 a kowane kilo. Idan jini ya hau matsakaici a sa ido minti 10 zuwa 15, yakan sauka da kansa. Idan ya tsananta a nemi mai buɗe jijiyoyi, a guji labetalol, esmolol da masu toshe kalsiyam, domin zuciyar da ke turawa cikin jijiyoyin da suka matse idan aka rage mata ƙarfi ruwa ne zai cika huhu. Kwalbar oxymetazoline kuma an yi ta ne don a matsa tana tsaye. Idan aka kifa ta a hancin yaron da ke kwance, abin da ke fitowa ya ninka feshi sau da yawa. A auna a sirinji, a jiƙa auduga da adadin da aka sani, a kuma sanar da likitan sa barci kafin a sa.

Mataki na 8: Bayan an farfaɗo

A awa 24 na farko ragowar maganin barci na jikinka. Kar ka sha chlorpheniramine, diphenhydramine, promethazine ko wani maganin mura na dare a wannan lokaci sai an ce maka ka sha, kuma muddin kana kan morphine, tramadol ko codeine, ka ci gaba da nisantarsu. Ƙaiƙayin da ke biyo bayan morphine abu ne sananne. Gaya wa ma'aikaciyar jinya maimakon ka ciro ƙwaya daga jakarka. Wanda ke jinyarka a gida ya san alamun haɗari: barcin da ake tashin mutum da ƙyar, numfashi ƙasa da sau 10 a minti, leɓe ya canza launi, ruɗewa, ko awa 8 ba fitsari ga mara a cike. Kowanne daga ciki dalilin komawa asibiti ne nan take.

Cetirizine, loratadine, feshin steroid da maganin asma ana komawa kansu da zarar an fara haɗiya. Pseudoephedrine kuwa ya jira har jini ya daidaita, fitsari na fita yadda ya kamata, kuma likitan tiyata ya amince, tunda hawan jini na iya buɗe wurin da aka tsayar da jini. Kafin ka haɗa maganin mura da na kashe zafin da aka sallame ka da shi, sake duba ko dukansu suna da paracetamol.

Idan kuwa an ce maka jikinka ya yi bori lokacin tiyata, kar ka bar asibiti sai da rubutaccen jerin duk abin da aka ba ka da lokacin da aka bayar. Tambayi ko an ɗebi jininka don auna tryptase, sinadarin da ke taimakawa wajen gano ko bori ne ko wani abu daban. Gwajin fata don gano mai laifin ana yin sa ne bayan mako 4 zuwa 6, kuma a nan ƙa'ida ta juya: dole a ajiye duk masu hana ƙaiƙayi, har da cetirizine da loratadine, na wasu kwanaki kafin gwajin, galibi 3 zuwa 7 bisa umarnin asibitin, domin suna danne amsar fata su sa sakamako ya fito kamar babu komai.